Masakin Gado Mai Fito

Kafin rana ta ɗaga Gado ya riga ya isa bakin gulbi, amma ba ya fara taɓa jirgi. Sai ya duba tsinken da ya kafa jiya a gaɓa, ya ga ko ruwa ya haye shi. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kalli launinsa. In ya yi ja, to an yi ruwa can sama wajen Gummi, ko da sararin Jega tas yake. Daga nan ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi, ya ɗauko wani ƙaton masaki, wato babbar ƙwarya, ya shimfiɗa tsumma a ciki, ya ajiye shi a tsakiyar jirgin. Sannan ya ce a shigo.

Jega gari ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri. Tun zamanin fatake da jakuna kasuwarta ke tara jama'a. Albasar Aliero nan take sauka, haka shinkafa da dawa daga ƙasar Maiyama, da nonon Fulani da busasshen kifi. Da aka ba mu jihar Kebbi motoci suka ƙaru, kowa na ta murna. Gulbin Zamfara kuwa bai san an yi jiha ba, yadda yake cika da damina haka ya ci gaba da cika. Akwai gada a Jega, gaskiya ne, amma mutanen ƙauyukan da ke nesa da ita a ƙetare, in suka ce sai sun zagaya ta can, kafin su iso kasuwa ta fara watsewa. Su jirgin Gado suka sani.

Ba a san shi da surutu ba, ba a kuma san shi da jarunta ba. Masunta har tsokanarsa suke yi, wai mutum ya tsufa a kan ruwa amma kullum kallon gulbi yake kamar yau ya fara ganinsa. Doka ɗaya gare shi, ita ce ta jawo masa baƙin jini wajen mata: ba macen da za ta shiga jirginsa da goyo a baya. Sai ta kwance, a kwantar da jariri cikin masaki, in an ƙetare ta ɗauki abinta. An roƙe shi, an yi masa gori, wata har ta ce uwa ba ta haifi ɗa don a zuba shi a ƙwarya kamar gari ba. Gado dai sai ya dogara sandar tuƙi ya yi ta jira.

Gudiya, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin fiton, ita ta san mafarin abin. Gado yana saurayi, yana tuƙi tare da mahaifinsa, jirginsu ya taɓa kifewa. Wata mata ta kama gefen jirgin, ta riƙe gam, kanta a sama, tana ta salati har aka fito da ita. Tana taka gaɓa tana godiya ga Allah da ya tsirar da ita da ɗanta. Ba ta sani ba duk tsawon lokacin da ruwa ke wuyanta, yaron yana ƙarƙashinsa. Gado ne ya kwance zanen goyon da hannunsa. Gudiya ta ce tun ranar ba ta sake jin dariyarsa a kan ruwa ba.

A daminar da ta biyo bayan samun jiha, wata safiya Tasalla ta iso bakin fiton da jaririyarta Zinatu a baya. Mijinta Mu'azu ya faɗo daga kan amalanke, yana kwance a gidan masu ɗori a Aliero, ita kuma abinci za ta kai masa. Sauri take, ranta a ɓace.

Gado ya ce, "Ɗiyata, kwance goyon ga."

Ta ce, "Baba, kwana taka yi. In na tashe ta, hal Aliero ba ta yin shiru."

"Ta yi kuka ta gode Allah. Ni ba ni tahiya da ɗiya ga baya."

"Mi ƙwarya za ta yi mata da bayan uwatta bai yi ba?"

Gado ya dogara sandar tuƙi yana jira. Sauran fasinjoji suka fara guna-guni, Tasalla ta kwance zanen da fushi, ta kwantar da yarinyar. Ta zauna ta juya masa ƙeya.

Ruwan ya yi ja a ranar, amma bai kai wanda Gado ke ƙin shiga ba. Abin da ba wanda ya gani shi ne kututturen itacen da gulbi ya tumɓuko daga sama, yana tafe ta ƙarƙashi. Suna tsakiya ya daki jirgin. Jirgi ya karkace, ya ɗebi ruwa, ya nutse har baki. Gudiya ta ce daga gaɓa ba ta ga komai ba sai kawuna da tasoshi da ɗankwalaye, ta saki matsamin ƙosai cikin mai ta hau ihu.

Tasalla ba ta iya iyo ba. Ta nutse, ta taso, hannunta ya sami gefen jirgi. Abu na farko da ta yi, ta kai ɗaya hannun baya, ta ji wayam. Sai ta hango masakin can gaba yana juyawa a kan ruwa, igiyar ruwa na tafiya da shi. Ta saki jirgin za ta bi. Gado ya cafko ta, ya maida hannuwanta kan katako, ya danne su.

Ya ce, "In kin saki, biyu za mu nema. Riƙa!"

Ya tsaya sai da ya ga masunta sun turo jiragensu, sannan ya bi masakin. Tsoho ne, ruwa kuma ya fi shi sauri. Mutane na kallo masaki ya sha kwanar gulbin, kan Gado ya bi bayansa, duka biyu suka ɓace.

Aka fito da kowa da rai. Tasalla ta zube a yashi, Gudiya na riƙe da ita, ita kuwa magana ɗaya take ta maimaitawa: "Da tana bayana da ban rabu da ita ba. Shi yar raba ni da ɗiyata." Rana ta yi sama, man ƙosai ya ƙone, maza suka bi gaɓa suna duba cikin ciyawa, kowa na tsoron ya zama shi zai fara gani.

Can sai ga Gado tafe da ƙafa ta bakin gaɓa, masaki a ka, ciyawar burgu ta yayyanke masa ƙwauri, jini na bin ƙafarsa. Ba kuka daga cikin masakin. Ya sauke a gaban Tasalla. Ta kasa leƙawa, sai Gudiya ce ta ɗaga tsumman. Zinatu ta yamutsa fuska don hasken rana, ta canyara kuka.

Da hankali ya dawo, Gudiya ta taɓa wuyan rigar Tasalla ta ce, "Ke, dubi inda ruwa yak kai maki." Tasalla ta shafa wuyanta, ta shafa bayanta inda kan yarinyar ke kwanciya, jiƙe sharkaf. Gado kuwa ya zauna a yashi. Wani ya ce masa ashe jarumi ne. Ya ce, "Wane jarumi? Tsoro nika ji, kullum."

Baba Gado, wannan tsoron naka muke yi wa jinjina. Kai ne ka yarda mata su tsane ka muddin 'ya'yansu za su taka gaɓa da numfashi. Kai ne ka ga abu sau ɗaya ka ƙi mantawa, alhali mu da an kwana biyu mun shashantar. Mai masaki, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma akwai yara a ƙetaren gulbi da ke wasan ƙasa yau saboda taurin kanka. Allah ya saka maka da alheri.

Bana kafaɗunsa sun gaza, ya miƙa sandar tuƙi ga Tamu, ɗan ƙanensa. Tamu mutumin kirki ne, amma ya ce masakin na cin wurin mutum guda, ya jingine shi a gindin bishiyar da Gado ke zama. Abin da ke tayar mana da hankali ke nan, domin gulbin bai canza hali ba. Muna roƙon masu fito daga nan har ƙasar Maiyama su yi koyi da tsohon nan, uwaye kuma su daina jin haushin mai cewa a kwance goyo.

Ranar kasuwar da ta wuce wata matashiya ta shiga jirgin da goyo a baya. Gado ya yunƙura daga gindin bishiya, murya ba ta kai ba. Tasalla na cikin masu jiran fito, Zinatu na riƙe da gefen zanenta. Ta je ta ɗauko masakin, ta shiga ruwa har gwiwa, ta kama goshin jirgin ta riƙe.

Matashiyar ta ce, "Inna, kwana shika yi."

Tasalla ta nuna mata Zinatu a gaɓa, ta ce, "Waccan ma kwana taka yi. Kwance."