Kujerar Gaban Jirgi

Mijin ƙanwata ma'aikacin otal ne a kusa da Harami, irin masu tsayawa bayan kanta da kwat suna yi wa baƙi murmushin da aka biya su su yi. Shekarar da aka ƙara masa albashi, banki ya ba shi katin bashi, wanda za ka yi ta kashewa sai ƙarshen wata ka biya. Tun daga ranar muka shiga uku. Ban taɓa ganin namiji da gemunsa yana tarairayar ɗan guntun roba kamar jariri ba sai shi. Ko ruwan sha zai saya a baƙala, ɗan shagon unguwa, sai ya zaro katin a hankali, ya ɗan karkata shi don ruwan zinaren da ke jikinsa ya ɗauki ido, ya manna a na'ura ta yi ƙara, sannan ya waiwayo ya ga ko an gan shi.

Wai duk riyal ɗin da ya bi ta katin, banki na rubuta masa maki, idan makin ya taru a karɓi tikitin jirgi kyauta. Na ce masa banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya yi mini dariyar nan ta wayayyu, ya ce, "Yaya, ke dai ki riƙe keken ɗinkinki, wannan lissafin zamani ne." Da aka yi masa zancen riba, ya ce shi kafin wata ya mutu yake biya, ko sisi ba ya hawa kansa. To, wannan tsakaninsa da malamai.

Da a kansa abin ya tsaya, da ko kallo bai ishe ni ba. Umma ya taɓa, mahaifiyarmu.

Umma tana tare da ni a unguwar Hindawiyya tun rasuwar mahaifinmu. Tana amarya ta zo Makka, ta bar yayarta a ƙasar Katsina, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke kira Inna. Ita ta goya Umma da uwarsu ta rasu. A shekarun nan Inna ta tsufa, ido ya fara tafiya, ƙafa ta ƙi. Duk wayar da za su yi, maganarta ɗaya: "Ki zo in ga fuskarki tun ina da sauran gani." Umma tana sayar da yaji da kuka da daddawa a kasuwar Mansur, ta shiga adashi saboda wannan tafiyar kaɗai. Da ɗaukarta ta zo, kuɗin sun isa tikitin zuwa da dawowa. Ta ƙulle su a wani koren hankici, ni kuma na fara neman takardar fita da komawa.

Sai ga mai kati da yamma, ya sha turare, ya zauna a falo. Umma tana can gefe ta ja gyale ta juya fuska, kamar yadda take yi duk ranar da ya zo. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, magana ma sai ta bakin ɗaya daga cikinmu.

Ya ce, "Hajiya, kuɗin nan ki adana abinki. Ina raye surukata ta sayi tikiti? Wallahi abin kunya ne a gare ni. Abu ɗaya nake so: kuɗin wuta, da na ruwa, da na waya, da cefane, duk a riƙa ba ni a hannu, ni in biya da kati. Kafin ki ce me, maki ya cika."

Na buɗe baki, Umma ta yi mini kallon da na sani tun ina yarinya. Ta ce da ƙanwata, "Ki ce masa an gode. Allah Ya yi albarka."

Shi ke nan fa, muka zama masu yi wa kati bauta. Kuɗinmu, guminmu, amma sai an kai wa mai kati ya manna. Ranar cefane ya zo da mota, ya kwashe mu zuwa babban kanti, don masu tebur na Mansur da muka saba da su ba duka ke da na'ura ba. A bakin kanta ya tura mu baya, ya biya yana ɗaga murya, "Bari, Yaya, bari kawai!" Mu shiga mota kuma ya miƙo hannu in ƙirga masa. Wata maƙwabciyarmu har gida ta biyo ni tana cewa mun yi dacen suruki, irinsu sun yi ƙaranci. Na ce mata haka ne. Ranar da ya ji na sayi tukunyar gas da kuɗi a hannu, har waya ya bugo mini. "Yaya, kin san makin da kika zubar a ƙasa?" Sai ka ce jinin wani na zubar.

Azumi ya zo ya wuce. Duk tambayar da na yi, saura kaɗan. Bayan ƙaramar salla ya zo yana washe baki, ya ce albishirinmu, maki ya isa tikiti. Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa na baya ne, inda ake cusa mutane da jarkokin zamzam da buhunan dabino. Surukata ba za ta zauna nan ba. Kujerar gaba za ta hau, mai kwanciya, a kawo mata tawul mai zafi. Ni da kaina zan raka ta Jidda in ɗauke ta hoto. Mu ƙara haƙuri kaɗan."

Ranar na manta da kara. Na ce masa tsohuwar da ke jira ba kujera take son gani ba, ko a kan buhun gawayi aka kai mata ƙanwarta ta gode. Na ce holoƙo ne shi, hadarin kaka, hoton da zai nuna wa abokan aikinsa yake nema da uwata. Ya tashi ya kaɗe kwat, ya ce shi alheri ya yi niyya, ya fita. Ƙanwata ta bi shi tana kuka.

Na ce wa Umma ta ba ni hankicin, gobe-gobe in yanko mata tikiti. Ta girgiza kai. "In kika saya, kin tsinka shi a idon jama'a. Ke za ki kwana lafiya, ƙanwarki ce za ta sha a ɗakinta. Namiji ya ce zai yi, a bar shi ya yi."

"Umma, Inna fa?"

"Allah na nan."

Na ji haushinsa, na ji haushin wannan kunya da ta ɗaure ta, amma ban iya tsallake maganarta ba. Wayar Inna ta fara gajarta. Daga baya ma 'yarta ke riƙe mata wayar, mu ji numfashi da 'yan kalmomi. Umma ba ta taɓa tambayar surukin nata ba. Ni take tambaya, in ya zo ya tafi, murya ƙasa-ƙasa tana gyara ƙullin kuka: "Bai ce komai ba?" Shi kuwa a makonnin nan har sabon firiji ya lallaɓa ƙanwata ta saya, wai zai ɗaga makin.

Da hantsi aka bugo, ana saura kwanaki kaɗan alhazai su fara sauka. Umma tana daka yaji a tsakar gida. Ta karɓi wayar, ta saurara, ta yi salati, ta ajiye taɓaryar a hankali. Har an kai Inna.

Muka yi zaman makoki a gidanmu, mata a ciki, maza a ƙofa. Surukin kirki ya fi kowa kai da kawowa, yana jera kujeru yana karɓar gaisuwa da fuskar tausayi. Ranar sadakar uku aka kawo manyan farantan shinkafa da nama daga wani gidan girki a unguwar Utaibiyya. Mai kawowa ya tsaya a ƙofa da 'yar na'urarsa. Ina leƙowa na ga mutumin naku ya sa hannu a aljihu, ruwan zinare ya ɗauki ido. Ko a kan wannan ma sai ya ci maki! Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ban san lokacin da Umma ta taso ba. Ta ratsa mata, ta fito har bakin ƙofa inda maza suke, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kwance koren hankicin, ta miƙa wa mai abincin. Ta ce, "Ɗauki naka a ciki. Kuɗin zuwa wurinta ne. Tunda ban kai mata kaina ba, bari in kai mata sadaka."

Surukin ya tsaya da kati a hannu, ya rasa inda zai sa shi. Ya ce, "Hajiya, ai da kin bari. Makin ma fa ya cika tun shekaranjiya, na gaban. Ko jibi kika ce, sai tafiya."

Umma ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Tunda ya auri 'yarta, ranar ta fara yi masa magana ba ta bakin kowa ba.

Ta ce, "In je in ga wa?"

Ta karɓi hankicinta ta ninke, ta koma ciki ta zauna a tabarmarta.