Na ajiye maganina saboda jiƙon mijina

Assalamu alaikum. Shekara guda ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na daina sayar da zannuwan gado ne, ku yi haƙuri, jinya na yi.

Abin ya fara da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, sai gudawa, sai rama har zobena yana zamewa daga yatsa. A asibiti aka ɗebi jinina.

Ƙanjamau. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Aka ɗora ni a kan magani, aka gwada maigidana, Baban Sadiya. Shi ma yana da ita. Amma da aka kai jininsa Kano don auna yawan ƙwayar cutar, na'ura ta kasa ganin ta. Aka sake, haka. Mutumin da bai taɓa shan maganin ba! Yana nan garau, yana ban ruwan tumatirinsa a Kafin Maiyaki.

Likitar ta ce, "Akwai tsirarun mutane da garkuwar jikinsu ke danne cutar da kanta. Halitta ce, galibi gadonta ake yi. Ba warkewa ya yi ba, za mu ci gaba da duba shi."

Surukata Inna kaɗai muka faɗa wa. Ta ce, "Ai jiƙon ne, 'yar nan. Tun yana yaro nake ba shi sabara da sassaƙen maɗaci kowace safiya. Ko ciwon kai bai sani ba."

Na yarda. Ni da na yi sakandare! Na tura maganina ƙasan akwati, na koma jiƙo, kofi biyu kullum, ɗacinsa har ƙeya. Wata huɗu ba wanda ya sani.

Wata rana ina cikin shanyar wanki na yanke jiki na faɗi. Kwana goma sha tara a gadon asibiti, ƙarin ruwa, allurai, hoton ƙirji. Tarin fuka ya shige ni. Maganin kyauta ne, amma sauran hidimar sai da ta ci buhun masararmu uku. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai.

Da na faɗi gaskiya, likitar ta dafe kai. "Malama, jikinsa daban, naki daban. Jiƙo bai yi masa komai ba."

Baban Sadiya kuka ya yi. Inna ta kawo kunu, ta kasa haɗa ido da ni. "Ki yafe mini, so nake ki tashi."

Alhamdu lillahi, na tashi. A gwajin watan jiya ƙwayar cutar tawa ma ta kwanta, amma da magani. Na gode wa ma'aikatan jinya, na gode wa mijina da Inna.

Don Allah ku je a gwada ku. Wanda aka ba magani ya sha kullum, kada labarin wani ya sa ya ajiye. Ɗaki ɗaya muke da mutumin da cutar ta kasa kayarwa, ni kuwa wata huɗu kacal ta ɗaga mini ƙafa.