Ranar da Yaya ta amsa

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Toranke a ƙasar Ajingi ta tafi da ni Gaya, na tashi a cikin ƙannen mahaifiyata. Su suna ce mata Yaya, ni ma na bi bakinsu. Ko da aka mayar da ni gabanta ina 'yar firamare, harshena ya riga ya saba. Ƙannena duk Inna suke kiranta, ni kaɗai ce mai cewa Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "waccan", ranar da take cikin nishaɗi ta ce "mutuniyar Gaya". In na kira ta ba ta amsawa da na'am, sai dai ta ce "Mene ne?" tana kallon wani wajen. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma na san wa ake ɓoye wa ƙanzon tuwo.

Da na gama sakandare Allah ya ba ni sa'ar samun gurbin karatun harhaɗa magunguna a Turkiyya. Shekarar farko ta koyon yare ce, don haka aka rarraba mu gidajen mutane domin bakinmu ya faɗa da wuri. Ni aka kai ni gidan wata tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure. Mace ce mai jiki da murya, ga surutu kamar rediyo. Tun a bakin ƙofa ta rungume ni ta sumbaci kumatuna, na tsaya ƙiƙam da akwati a hannu, ban san inda zan sa kaina ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce in riƙa kiranta "anne", wato uwa a yarensu. Dariya ta kusa ƙwace mini, don in aka faɗe shi da sauri ba shi da maraba da Inna.

Da farko nauyin kalmar nake ji, amma kafin sanyi ya shigo ta zauna a bakina daram. Kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Matar nan takan shafa kaina in ina karatu, ta tura mini abinci tana faɗa wai na rame, ta kira sunana tun daga kicin har maƙwabta su ji. Ni da na girma ban taɓa jin uwa ta kira sunana ba, sai na zama kamar 'yar yaye, ina bin ta ɗaki ɗaki da anne kaza, anne kaza.

Ita ce ta matsa lallai sai ta ga mahaifiyata sun gaisa. Na yi ta kawo uzuri, don na san halin kayana, amma matar nan in ta kafe ba ta jin bari. Ƙauyenmu sabis ba ya ɗaukar kiran bidiyo, sai na shirya da kawuna, ƙanin Yaya da ke aiki a sakatariyar Gaya, cewa ta zo gidansa a yi da wayarsa. Lokacin cirar gyaɗa ne, lokacin da ko rashin lafiya ba ya hana ta aiki. Ta bar komai ta hau mashin ta zo.

Da hoton ya buɗe na gan ta zaune a kan tabarma a tsakar gidan kawu, sanye da atamfarta ta Sallah. Ba ta kalli wayar ba, gefe take kallo. Na ce, "Yaya, ina wuni?" Ta ce wa kawu, "Ka tambaye ta ya mutanen gidan." Matar gidanmu ta matso jikina tana ɗaga hannu, ta fara zuba yabo: 'yarki mai hankali ce, mai tsabta, mai ƙoƙari, kin iya tarbiyya. Ni ce tafinta, dole na juya maganar da bakina, ina jin kunya kamar na yi sata.

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya saka da alheri. A yi haƙuri da ita, ba abin da ta iya, ga baccin safe. In ta yi ba daidai ba a tsawatar mata."

Duk Bahaushe ya san wannan godiya ce, kuma amana ce ake danƙawa. To amma yaya zan faɗa wa matar nan haka? Sai na ce mata mahaifiyata ta gode, kuma tana kewata ƙwarai. Ai kuwa na jawo wa kaina. Idon matar ya ciko, ta fizgo ni ta haɗa da ƙirjinta, tana sumbatar goshina tana kiran sunana, duk a gaban Yaya da kawu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ƙoƙarin zamewa na ɗaga murya na ce, "Anne! Anne!"

Sabis ɗin yana jan ƙafa, murya tana riga hoto isa. Sai kawai na ji daga cikin wayar, ras, an ce, "Na'am."

Na juyo. Yaya ce. Ta ɗago kai tana kallon wayar ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun da aka fara, fuskarta a sake. Ban taɓa ganin wannan fuskar tata ba. Daga nan hoton ya isa gare su, ta gan ni kwance a jikin wata. Kawu, Allah ya yafe masa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba da ke take ba. Haka suke ce wa uwa a can."

"Oho," in ji ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta laluba takalmanta, ta ce bari ta tafi kar ta rasa mashin. Matar gidanmu tana tambayata me aka ce, na ce mata sabis ne ya yanke.

Tun daga ranar kalmar nan ta koma mini ƙaya. In zan kira matar sai in yi gyaran murya, ko in zagayo ta gabanta in fara magana. Ta zaci wani laifi ta yi mini, ta tsare ni da tambaya har na ba ta labarin duka. Ta saurara, ta buɗe hannu ta ce, "To ki kira ta Inna mana! Me zai faru?" Haushi ya kama ni, duk da na san ba laifinta ba ne. A wajenta abin kamar shan ruwa yake.

Duk da haka maganarta ta zauna mini. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, tun daga Kano a cikin bas ɗin Ajingi nake gwada kalmar a zuciyata. Inna, sannu da gida. Inna, na dawo. Yaran da ko wando ba su iya sawa ba suna faɗa, ni da na iya yaren wata ƙasa zai gagare ni? Na yi sallama na shiga, ƙannena suka yo kaina da ihu. Yaya tana bakin murhu tana tankaɗe, ba ta tashi ba. Ta ce wa tukunya, "Mutanen Turai an iso?" Na durƙusa, na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "Yaya, sannu da gida."

Haka hutun ya tafi. Mukan zauna mu biyu muna ɓarar gyaɗar bara, in ja numfashi in ce yanzu zan faɗa, sai ta miƙo hannu ta ja kwando, abin ya koma ciki. Ba ta taɓa ɗauko zancen wayar nan ba, ni ma haka. Na lura dai ta shiga aiki ba ji ba gani: ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta zauna da yamma tana ɗinkin wani faifai mai launi, tana kai shi kusa da ido saboda ganinta ya fara raguwa. Na ɗauka na kasuwar Ajingi ne.

Ranar tafiya mai mashin yana jira a ƙofar gida, ta ce, "Ke, zo." Na shiga ɗakinta na tarar da ƙulli biyu a kan gado. Ta tura mini ƙaramin ta ce nawa ne. Ta ɗora faifan nan a kan babban, ta daidaita shi da hannu biyu.

"Wannan kuma ki kai wa Innarki," ta ce. "Ki ce ina gaishe ta. Na ga tana riƙe ki da kyau."

Na duba fuskarta ko zan ga gatse, ko fushi, wani abu dai da zan kama in yi kuka a kansa. Babu. Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, ba mai jinmu, kalmar tana nan a kan harshena. Ta tsaya jim kaɗan ba ta juya ba, kamar mai jiran wani abu. Mai mashin ya danna hon.

Na ɗauki ƙullin na ce, "To, Yaya."