Ni ce na katse kiran mahaifiyarta

Edita, ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Suleja. Ba a jin muryata a iska. Ni ce nake zama bayan gilashi da wayoyi biyu a gabana, duk wanda ya kira shirin safe ni zai fara samu, in tambaye shi daga ina yake kira da abin da zai faɗa, sannan in haɗa shi da mai gabatarwa ko in ba shi haƙuri. A unguwarmu ta Magajiya 'yar jarida ake kirana, ni kuwa kaina ya fasu, ina tafiya ina kaɗa katin aiki a wuya har wurin sayen tumatir. Ina ganin kaina mace mai baki wadda ba ta ganin ba daidai ba ta yi shiru.

Mai gabatar da shirin ya kusa haifata, kowa a gidan Oga yake ce masa. Shirin koke-koke yake yi, masu keke da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke sammakon Abuja duk shi suke saurare. Akwai lokacin da aka zargi wani shugaban makaranta ta wajen Maje da taɓa ɗalibansa mata. Kwana uku muka yi a kansa, da sunansa da unguwarsa, ni kuma duk mai son tsine masa na buɗe masa layi. A lokacin ji nake aikin Allah muke yi.

Ana nan sai aka turo mana wata ɗalibar aikin jarida ta zo sanin makamar aiki. A Madalla take zaune da mahaifiyarta, malamar firamare, Kiristoci ne 'yan asalin wajen Filato. Anti take kirana, ni kuma in tsokane ta cewa Hausarta ta coci ce, ta yi ta dariya. Wata rana bayan azahar ta same ni ina cin abinci ni kaɗai, ta zauna, sai kawai ta miƙo mini wayarta. Saƙonni ne waɗanda ba zan iya maimaita su a nan ba, lambar kuwa ta Oga ce, na haddace ta kamar tawa. Ta ce mini ranar da ta gabata ya kira ta ɗakin naɗar murya wai zai gwada ta karatun labarai, ya murɗa makulli, ya kai mata hannu, da ƙyar ta kuɓuta. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da bakina na ce ta kai ƙara wurin manaja, kuma na yi mata alkawarin ina bayanta ko me za a yi.

Ta kai ƙarar. Manaja ya ce maganar cikin gida ce, a rufa wa juna asiri, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bayan kwana biyu aka sa mata hannu a takardar makaranta aka ce ta gama, alhali da sauran wata guda. Wata ƙawarta da abin ya ƙona wa rai ta rubuta labarin a Facebook, gari ya ɗauka. A taronmu na tsara labarai wani ɗan rahoto ya tambaya ko za mu ce wani abu, editan gidanmu ya ce ba a kai kotu ba, ba mu da hujja. Wannan editan dai shi ne bai tambayi kotu ba ranar shugaban makaranta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hujja tana cikin wayar yarinyar, na gan ta da idona, amma na sunkuyar da kai ina zane a bayan takarda. Sauran 'yan jaridar garin kuwa waya suka riƙa yi wa Oga suna jajanta masa. Wanda ya daure ya rubuta, cewa ya yi ana zargin wani ma'aikacin watsa labarai, ba suna ba gidan rediyo. Hoton yarinyar ne kaɗai yake yawo a WhatsApp ana tafka muhawara kan irin shigarta.

Ranar Litinin Oga ya zaɓi maudu'in shirinsa: masu ɓata sunan mutanen kirki a soshiyal midiya. Bai ambaci maganarsa ba, kowa kuwa ya san inda ya dosa. Manaja ya shigo ɗakina ya ce in yi hankali da irin kiran da zan sake, ya ja kujera ya zauna a bayana. Na yi ta sakin masu cewa hassada ce, masu cewa 'yan matan yanzu sai addu'a. Can sai wata mata ta kira. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ita ce uwar yarinyar da ake magana a kanta, tun da aka fara shirin take kira, minti ɗaya kawai take roƙo. Abin sauraro yana kunnena, manaja ba ya jin abin da take faɗa. Maɓalli ɗaya zan danna duk Suleja ta ji ta kafin wani ya farga. Yatsana yana kai. Na tuna yadda na sha wahala kafin in sami aikin nan, na tuna Oga ne ya sa baki aka ɗauke ni. Sai na ji bakina yana cewa Mama ta yi haƙuri, layin ba kyau, ba na jin ta. Ina jin ta sarai tana cewa ita tana jina, na katse. Ta sake kira, na kifa wayar a kan tebur.

Da yamma yarinyar ta kira ni, na kasa ɗauka. Daga baya na ji ta bar karatun jarida, an mayar da ita wurin ƙanwar babanta a wata jiha saboda ko coci ba ta iya zuwa sai an nuna ta. Oga kuwa masu sauraronsa ƙaruwa suka yi.

Bayan wasu watanni na shiga motar Abuja, a Madalla wata dattijuwa da jakar littattafan yara ta zauna kusa da ni. Aka kira ni a waya, na yi 'yar magana na ajiye. Sai ta juyo ta kalle ni, ta tambaya ko ba ni ce mai ɗaukar kira a rediyo ba, don ba ta manta muryata ba. Nan na gane mahaifiyar yarinyar ce. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta kira ni 'yarta, ta ce ba zagin kowa ta kira ta yi ba ranar nan, so take kawai ta faɗa wa mutane cewa yarinyarta ba maƙaryaciya ba ce, don yarinyar tana gefenta tana sauraren rediyon. Na buɗe baki in ce na sani, na ga saƙonnin, sai kuka ya riga maganar. Ta ba ni hankicinta, ta sauka a gaba.

Na bar aikin daga baya, ba don jarumta ba, kasa ɗaukar waya na yi. Barina bai gyara komai ba, shirin yana nan kullum safe. Abin da na koya shi ne, mu da muke tona asirin kowa mun fi kowa iya binne namu, kuma ba manya kaɗai ke binnewa ba, har da ƙanana irina masu yatsa a kan maɓalli. Masu sauraro, in kun ji duk masu kira bakinsu ɗaya, ku tambayi kanku wa aka hana shiga. 'Yan uwana ma'aikata kuma, kada ku ce wa yarinya ta je ta faɗa kuna bayanta sai kun tabbata za ku iya tsayawa. Da ban zuga ta ba da ƙila ta gama karatunta. Ni na tura ta gaba, kuma da aka zo wurin tsayawa ni na fara zamewa.