Malam Iro da jakin kasuwar Sabuwa

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Malam Iro tela, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Allah ya jiƙansa. Kowace shekara nakan ɗauki alƙalami don in yabe shi, sai in tarar kishi ne ya cika mini ciki. Bana na ce bari in faɗi abin yadda yake.

Ni na kawo wasan. Ina so a san wannan, don yau a Ƙanƙara kowa "wasan Iro" yake cewa. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta tura ni kwas Ingila. Can na ga ɗalibai sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana magana da bakinsa. In wani ya ce zai tsallake kogi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya tsallake. Na dawo da littafin dokokin, na fassara shi da kaina, na kafa ƙungiya a Faskari inda nake aiki. Iro ya zo sau biyu ya kalla, ya koma Ƙanƙara ya shimfiɗa tabarmar nasa wasan a ƙofar shagonsa.

Damuwarmu ɗaya ce, samun mutane. Kowa ya sayi rediyo da sabon babur, wa zai zauna bayan la'asar yana fataucin ƙarya? Na manna sanarwa a kasuwa, na ce ɗan lido ne zai raba matsayi, ba sani ba sabo. Ranar da na fi tara jama'a, Alhaji Barau mai hatsi ya zo daga Mairuwa da mutanensa shida. Ɗan lido ya ba mijin 'yarsa sarauta, ya mai da Alhaji ɗan dako. Mutumin da ko sunan Alhaji ba ya kamawa, ta yaya zai ce masa ɗauki kaya? Ya sunkuyar da kai. Alhaji ya laluɓi takalmansa ya ce, "Malam, mu an yi mamu tarbiyya." Cikin mako uku na koma zama ni da littafina.

Iro bai taɓa wuce Zariya ba, bai kuma manna komai ba. Ya yar da ɗan lido don dattawa sun ce ya yi kama da caca, ya koma jan tsinke: dogo ka yi nasara, gajere ka faɗi. In yana son jawo mutum, sai ya nemo taubashin mutumin cikin 'yan wasa, ya ba shi dama ya saka shi a labari. Kafin ranar kasuwa gari ya ɗauka cewa maharbi wane ya ga kura ya yar da baka. Mai sunan ya taho da fushi ya wanke kansa, a miƙa masa tsinke. Tunda wasan taubasai ne, ba damar ƙara. Wanda ya zauna sau ɗaya kuwa ba ya tashi. Na zauna a majalisun Khartum da Abijan, ina jin harsuna huɗu, ban ga wanda ya san inda ake kama mutum kamar telan nan ba. Abin ya ci mini rai, na rantse ba zan taka tabarmarsa ba.

Wata rana direban motar kasuwa ya gaishe ni yana danne dariya. A labarin Iro, wai wani matafiyi mai littafi ya yi wa aljani gardamar doka, aljani ya mai da shi jaki, ana ta cinikinsa a kasuwar Sabuwa. Na hau babur har Ƙanƙara, hanya duk ramuka.

"Iro, mi na yi maka?"

Bai ɗago daga keken ɗinki ba. "Ku ba jaki wuri. In yana son komawa mutum, ga tsinke nan."

Na ja, ya fito gajere. Aka fashe da dariya. Sai a lokacin na gane tarkon da ya kama kowa da shi ne ya kama ni. Shekara da shekaru ina zuwa, duk ran da na ja dogo sai ya ƙirƙiro wani aljanin.

Yau matasa suna irin wannan wasa a waya, da mutanen da ba su san iyayensu ba. Ina jin da Iro na nan, tambayarsa ɗaya ce: wane ne taubashin wane? Littafina gara ta cinye shi. Tabarmarsa kuwa ana shimfiɗa ta har yanzu, sau ɗaya a mako, kuma jakin yana cikin labarin.

Bara na roƙi mai ba da labarin na yanzu ya sake ni. Ya russuna ya ce, "Baba, ai taubashi ne ya ɗaure ka. Mu 'ya'ya, ina mu ina kwance ka?"

Iro ya tafi da sunan wasan, ya bar ni a turke. Allah ya gafarta maka, Iro. Ni dai ban gama ba tukuna.