Fatihar Miriyamu

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Mubi ya san Mama Miriyamu, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa wadda ba ta iya magana a hankali ba. Maƙwabciyata ce, majami'armu ɗaya, kuma har yau idan na tuna abin da aka yi mata sai in ji zuciyata tana tafasa.

'Yar ƙauyen Bahuli ce. Mahaifinta manomi ne, yana kuma wa'azi a ƙaramar majami'ar ƙauyensu. A 1991 ya kawo ta Mubi wurin ƙanwarsa don ta koyi matsar mai. Gidan yana jikin na wani malami mai karantar da matan unguwa da la'asar. Kafin mahaifin ya juya sai ya nuna mata katangar.

"Abin da ake karantawa a can ba naki ba ne. Kada ki saurara, kada ki tambaya."

Amma a tsakar gida ake suyar gyaɗa, katangar ƙasa kuwa ba ta tare murya. Kafin a yi girbi Fatiha ta zauna mata a ka. Wata rana a bakin famfo ta tambayi Falmata, 'yar malamin, ma'anarta. Falmata ta ce yabon Allah ne, da roƙon ya sa mutum a hanya madaidaiciya.

"Shi ke nan?" in ji Miriyamu. "Wannan ne aka ce kada in ji?"

Da gwaggonta ta ji tana rerawa a bakin murhu, ta sauke mata muciya a gadon baya. Daga ranar ta daina rerawa a fili. Ta yi aure, ta haifi huɗu, mijin ya rasu, ta riƙe 'ya'yanta da mai da ƙuli-ƙuli. A zumuntar mata ta majami'armu ita ce mai ba da waƙa.

Ƙarshen Oktoban 2014 'yan bindiga suka shigo Mubi. Kowa ya gudu da abin da ke jikinsa. Mu mata da yaran unguwarmu muka bi daji muka nufi Belel, Miriyamu a gaba don ta san hanyar tun tana zuwa sayen gyaɗa. A cikinmu har da Elizabet, matar Dattijo Japhet na majami'armu, da 'ya'yanta mata uku. Shi Japhet tashin hankalin ya same shi a Yola.

Rana ta take muka iso bakin wani mayo, wato rafi, sai ga 'yan bindigar a gindin tsamiya da babura da bindigogi. Ba wurin komawa. Miriyamu ta kwance zanen da ta ɗaure kayanta ta lulluɓe kai, ta ce mana ƙasa-ƙasa kowa ta rufe kanta ta kama bakinta.

Wani saurayi da bai kai ɗanta na fari ba ya tare mu. Idonsa a kan 'yan matan Elizabet yake.

"Ku Musulmi ne?"

"Ɗana, ka ga alamar wani abu daban?"

"Karanta mu ji."

Ta karanta, tun daga farko har amin, da wannan babbar muryar tata, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

"Waɗannan fa?"

"Iyalina ne. Daga kan dutse na kwaso su, ko Hausa ba sa ji. Ni nake koya musu."

Ya dube mu, ya dubi abokansa, ya karkata bindiga ya ce mu wuce. Sai da muka haye mayon muka yi nisa sannan ta zauna a ƙasa tana amai.

Bayan 'yan watanni muka dawo muka tarar da majami'a ta zama toka. Pastonmu bai dawo ba, dattawa suka riƙe ikilisiya a ƙarƙashin rumfar kwano, Japhet ne babbansu. Ga gawarwakin da ba a san inda suke ba, ga marayu, ga gidaje babu rufi. Amma maganar da suka fara zama a kanta ita ce ta Miriyamu. Aka kira ni shaida, don haka da kunnena na ji.

"Mama Miriyamu," in ji Japhet, "an ce kin yi sallar Musulmi a gaban mutanen nan."

"Ban yi salla ba, Baba. Fatiha na karanta."

"A ina kika koya?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai ya juya wajen sauran dattawan. Ya ce ai ga tushen abin nan. Uba ya hana, 'ya ta ƙi ji. Haka macen farko ta yi a gonar Allah, aka ce kada ta taɓa itacen, ta miƙa hannu, ta jawo wa duniya mutuwa. Ya ce akwai waɗanda aka yanka a garin nan don sun ƙi musun Ubangijinsu, da wane ido za a dubi iyalansu idan aka ƙyale wannan?

Miriyamu ta bari ya gama.

"Waɗanda aka yanka sun fi ni, ban yi musu ba. Da ni kaɗai ce, wataƙila da na bi su. Amma Baba, ita waccan matar mutuwa ta kawo gida. Ni me na kawo maka gida?"



"Ba maganar iyalina ake yi ba," in ji shi.

"To maganar iyalin wa ake yi? Na ga inda yaron nan yake kallo. Kai ba ka gani ba, kana Yola."

Suka ce ta tsaya gaban jama'a ta tuba. Ta ce ƙaryar da ta yi ta riga ta kai wa Allah ita tun a bakin mayo, amma ba za ta ce ta yi nadamar abin da ta sani ba, don ba ta yi ba. Suka sa ta a horo: bencin baya, babu jibin Ubangiji, babu ba da waƙa.

Ranar Lahadi aka sanar. Mata da yawa da suka haye mayon nan a bayan zanenta suna zaune, kowace ta sunkuyar da kai kamar an ce ƙasa ake wa wa'azi. Elizabet ce ta fara tashi daga layin matan dattawa, ta ratsa rumfar a gaban mijinta ta je ta zauna kusa da Miriyamu. Na bi ta. Wasu biyu suka biyo mu. Sauran ko motsi.

Haka aka tafi har 2017, lokacin da Mercy, babbar 'yar Japhet, za ta yi aure. Ta ce Mama Miriyamu ce za ta ba da waƙar shigar amarya. Dattawa suka ce wanda ke horo ba ya waƙa a cikin majami'a. Mercy ba ta yi gardama ba. Ranar auren ta sauko daga mota da farar riga ta tsaya a waje, cikin rana, ta ƙi shiga. Miriyamu ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya, matan zumunta da ke ciki suka amsa tun kafin su tuna an hana. Sai da waƙar ta ƙare amarya ta taka ciki. Japhet yana gaba yana ta gyaran wuyan riga.

Ko bayan wannan ba su ɗage horon ba. A ƙarshen shekarar ciwon gwiwa ya hana ta zuwa kasuwa, ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Gella. Ni da Elizabet muka raka ta tasha. Babu dattijo ko ɗaya da ya zo sallama.