Odarka Petrash da Isharar da Ta Tafi da Ita

Haihuwa

An haifi Odarka Petrash a shekarar 1938 a birnin Winnipeg, ɗiyar Mykola ma'aikacin jirgin ƙasa da Stefaniya mai ɗinki, wadda maƙwabta suka shaida ta fi jirgin ƙara.

Karatu

A 1949 aka kai ta koyon bale, rawar dandamali ta Turawa, wajen Madam Zoya, wadda ta ƙare wa ƙafafunta kallo ta ce, "'Yar nan, da wannan ƙwaurin ba ke ba fitowa gimbiya. Sa takalmi mai dunduniya." Haka ta shiga sahun masu rawar ƙauyawa da fitowa tsofaffi, waɗanda ke bayyana labarin wasa da hannu, tunda a bale ba a buɗe baki. Zagaya fuska kyau ne, nuna yatsan zobe aure, harɗe hannuwa mutuwa. Ba a rubuta wannan ilimi, daga jiki ake ɗauka.

Aiki da aure

A 1961 ta auri Gordon Fehr makaɗin fiyano, bawan Allah da ba a taɓa jin ra'ayinsa ba. Shekaru da dama, a wani wasan ƙungiyar rawarsu, tana fitowa tsohuwar da ke gargaɗin amarya cewa angon ne ajalinta, kuma ita kaɗai ta san isharar gaba ɗaya. Da wata matashiyar mai rawa, Colette, ta roƙi ta koya mata, sai ta ce, "Uwar gaggawa, ki bari in tsufa tukuna." Tsoron a ƙwace mata gurbi ne, kowa ya sani.

A 1989 sabon shugaban ƙungiyar ya soke gargaɗin. Ya ce, "Tsalle mutane suka zo gani, Odarka, ba tsohuwa tana korar ƙuda ba."

Ta ce, "To in amarya ta faɗi, su ce me ya kashe ta? Mura?"

Ƙarshen rayuwa

A 2004 aka nemi maido da gargaɗin, saboda 'yan kallo sun daina gane wasan. Aka tura Colette gidanta, ta tarar shanyewar jiki ta riga ta kama hannuwan biyu. Odarka ta so ta koyar a ranar, hannu ya ƙi tashi.

Rasuwa

Ta rasu a watan Maris na 2006, aka binne ta kusa da Gordon, wanda ya riga ta rasuwa. Masu shirya gawa suka harɗe mata hannuwa. Colette ta daɗe tana duban su, sannan ta ce, "Wannan kam mun iya, Odarka. Sauran muka zo nema."

Ta bar 'ya'ya uku: Taras likitan haƙori, Nadiya, da Bohdan. Babu mai rawa a cikinsu.